Gero Da Dawa Gonarsu Ɗaya, Ranar Girbinsu Dabam

'Yan'uwana samari masu koyon aikin malanta, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, ina da magana a kan wata cuta wadda ba ta kwantad da mutum, amma ta kan cinye ƙarfinsa sarai.

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san yadda ranar kafa sakamakon jarrabawa ta ke. Tun da sassafe sai ka ga yara sun yi cincirindo gaban allo, kowa yana miƙa wuya. Na daɗe ina lura da wani abu a wannan rana. Da wuya ka ga yaron da zai fara duba abin da ya ci cikin lissafi ko labarin ƙasa. Abin da ya ke nema da fari shi ne na nawa ya zo, sa'an nan idonsa ya zarce wajen sunan wane, wanda suka fito gari ɗaya. In ya tarar yana bisa wane, ko da su biyun duk a gindin takarda su ke, sai ya koma ɗaki yana fara'a. In kuwa wane ne ya hau kansa, ko da shi ya zo na uku cikin talatin, ran nan ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Da a ce abin a bakin allo ya ke tsayawa, da ban dame ku ba. Amma ina! Ya kan bi mutum ya fita makaranta tare da shi. Yau wane ya fi ni maki, gobe wane ya riga ni samun ƙarin girma, jibi wane ya gina soro ni ina haya. Na ga malamai nagari, waɗanda Allah ya yi wa baiwar koyarwa, sun ajiye alli sun shiga aikin da ba su so, ba su kuwa iya ba, ba don kome ba sai don sun ga abokin karatunsu cikin mota. Makaranta ta yi hasarar malami, can kuma inda suka tafi ba a sami ma'aikaci ba. Saboda haka ra'ayina shi ne, mutum ya san abin da ya nufa, ya auna tafiyarsa da wannan nufi, ya bar auna ta da sawun wani.

Mu fara da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani. Manomi ya kan shuka gero da dawa a gona guda. Gero ne ya ke fara shiga ƙasa da ruwan fari, dawa ta biyo baya a tsakankaninsa. Kafin a yi wata biyu gero ya miƙe, ya fid da kai, ya yi bunni, ya rufe gona. Dawa kuwa tana can ƙasa, 'yar ƙarama, kamar ba za ta yi kome ba. Baƙon da bai san noma ba, in ya ratsa gonar cikin marka, cewa zai yi an yi ɓarnar iri. Wajen wata uku da shuka yara sun fara cin tumu, an girbe gero an kai rumbu. To, sa'an nan ne dawa ke samun sarari da rana. Sai ta miƙe ta wuce tsawon mutum, ta yi ciki, ta fid da kai bayan ruwa ya ɗauke, ba a yanka ta sai hunturu ya kusa. Ba ka taɓa jin manomi ya tsaya kan dawa cikin watan Agusta yana zaginta don ba ta yi kamar gero ba. Ya sani kowanne da kwanakinsa. Gero ya kan fid da gida daga yunwar damina, dawa kuma ita ke riƙe gida har wata shekara. Da dawa za ta yi gaggawar nuna tare da gero, da ruwan marka ya ɓata tsabarta.

Kada wani ya ce ai wannan misali ne kurum, mutane ba hatsi ba ne. Bari in kawo muku labarin mutum uku waɗanda suka zauna aji irin naku, a Kwalejin Katsina, wadda aka fara karatu cikinta a 1921 don horad da malamai, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce aka sa wa suna Kwalejin Barewa a 1971. Karatun shekara biyar a ke yi. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Imam ya shiga a 1927 ya fita a 1932. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 ya fita a 1933. Kun ga shekara guda guda ce tsakaninsu, malamansu ɗaya, littattafansu ɗaya. Da suka fita kuma aiki iri ɗaya aka ba su: na farko ya koyar a Midil ta Sakkwato, na biyu a Midil ta Katsina, na uku a Midil ta Bauchi.

To, mu ɗauka akwai wani mai kafa takardar sakamako, ya bi su yana jera sunayensu shekara shekara. A 1934 aka naɗa Malam Ahmadu hakimin Rabah, yana saurayi, da dawaki da fadawa. Su biyun nan suna riƙe da alli. Mai takarda sai ya sa Malam Ahmadu a kai. A 1938 Sarkin Musulmi Hasan ya rasu, Malam Ahmadu yana cikin masu neman gadon, Allah ya ba Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan karaga. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna. Abin da ya fi so bai samu ba ke nan.

Malam Abubakar Imam kuwa, tun a 1933 ya shiga gasar rubuta littattafan hira da Hausa wadda Dokta East na ofishin fassara na Zariya ya shirya, aka buga littafinsa Ruwan Bagaja a 1934. A 1936 aka ɗauke shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ne editanta. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A waɗannan shekaru, in ana maganar 'yan boko a Arewa, da wuya a ambaci wanda sunansa ya kai nasa yaɗuwa. Mai takarda dole ya sāke jeri, ya sa Imam a kai.

Ina Malam Abubakar na Bauchi duk wannan lokaci? Yana nan cikin aji. Shi ma ya shiga gasar 1933, aka buga littafinsa Shaihu Umar, amma bai bi hanyar rubutu ba, ya koma ga yaransa. Fiye da shekara goma yana koyarwa, har ya zama shugaban makarantar, yana karatun kansa da dare don ya ci jarrabawar manyan malamai. Sai a 1945 aka aika da shi Landan ya yi shekara guda yana ƙara ilmin koyarwa. Da mai takarda ya kafa sakamako a 1940, labudda shi zai sa a gindi. Amma wannan malamin makaranta shi ne ya zama Firayim Minista na farko na Nijeriya a 1957, shi ya karɓi takardun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Sardauna kuma, wanda gadon Sakkwato ya kuɓuce masa, shi ne ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Ku duba kuma abin da Imam ya yi, gama a nan ne babban darasi ya ke. Shi ma ya shiga majalisa a farkon shekarun 1950, hanya kuwa a buɗe ta ke gare shi. Amma bai daɗe ba ya janye daga siyasa, a daidai lokacin da abokan karatunsa ke zama ministoci. Mai kallo daga nesa sai ya ce an wuce shi. To, yau ga shi ya rasu tun 1981, amma har yanzu 'ya'yanmu da jikokinmu suna koyon daɗin Hausa daga littattafansa. Su biyun kuma, waɗanda aka kashe a juyin mulkin Janairu na 1966, Allah ya jiƙansu, aikin da suka yi wa ƙasa yana nan ana ambato. Ni dai ban ga ma'aunin da zan ɗora mutum ukun nan in ce wane ya fi wane ba. Abin da na gani shi ne takardar sakamakon nan, da an kafa ta, da ta yi ƙarya sau uku ko huɗu cikin shekara ashirin. Kowane ɗayansu ya yi abin da ya yi ne don ya tsaya kan kunyarsa ya nome ta har ƙarshe.

Tun kafin zuwan boko ma magabatanmu sun bar mana misali. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya girmi Bello, ya kuma sha wahalar jihadi tun farkonsa, bai gāji wannan matsayi ba. An sami ɗan sanyin zumunci tsakaninsu, har suka shirya a Kalambaina, sa'ad da Bello ya kawo masa gudummawa. Amma Malam Abdullahi bai ƙare sauran kwanakinsa yana hangen Sakkwato ba. Ya zauna ƙasar Gwandu yana karantarwa yana wallafa littattafai. Tafsirinsa, Liya'ut Tawili, har yau malamai suna karanta shi a zaurukansu. Abin da ya nufa tun yana yaro ilmi ne, rashin karaga bai raba shi da shi ba.

Na san wani zai ce, "Malam, in ba a duba na gaba, yaya za a yi himma? Ashe ba gasa ce ke sa yaro ya tashi da asuba ya buɗe littafi ba?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa zan ture ta ba. Malamanmu na addini sun rarrabe abu biyu. Akwai ka ga alheri ga ɗan'uwanka ka yi fatan samun irinsa, ba tare da ka so nasa ya gushe ba, wannan ba laifi. Akwai kuma hassada, watau ka so abin ya bar hannunsa ko da bai zo naka ba, wannan ita ce mai cin zuciya, ga mai rabo kuwa taki ce. Ni ma sai in ƙara da cewa duban na gaba iri biyu ne. Akwai duban mai koyo, akwai duban mai awo. Mai koyo in ya ga wane ya fi shi lissafi, zuwa ya ke ya ce, "Don Allah nuna mini yadda ka bi da wannan." Ya tashi da ƙarin sani, ya kuma sami aboki. Mai awo kuwa ba ruwansa da yadda aka bi, tazarar da ke tsakani kaɗai ya ke ƙirgawa. Ya tashi da ɓacin rai, lissafin kuma yana nan bai iya ba.

Wani kuma zai karkata wancan gefe, ya ce, "Madalla, tun da kowa da ranarsa, bari in kwanta, ni dawa ne." A'a, ɗan'uwa, ba haka na ce ba. Dawar nan da ka gani ƙarƙashin gero ba barci ta ke yi ba, saiwa ta ke kafawa. Dawar da ba a yi wa noma ba, ciyawa ta shaƙe ta, ko an girbe gero ba ta tashi. Rago ya kan fake da rabo, ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, alhali kuwa ko kwaɗon sai ya yi tsalle kafin ya kama fara. Wanda ya bar auna kansa da mutane, wajibi ne ya sami wani ma'auni wanda ya fi wancan tsanani, shi ne alkawarin da ya yi wa kansa.

Ɓarnar da yawan hangen wani ke yi, ni a ganina, kashi uku ce.

Ta farko, yana ɓata aikin da ke hannu. Ku tuna da ranar gayya, samari sun jeru, kowa da kunyarsa, makaɗi yana zuga. Wanda ya sa ido ga garmarsa ya kan kai ƙarshe da kunya miƙaƙƙiya. Wanda ya ke ta waiwaye don ya ga inda na kusa da shi ya kai, kunyarsa ta kan karkace, ya bar ciyawa a baya, wani lokaci har ya sare ƙafarsa. Hankalin mutum guda ne, in rabinsa yana gonar wani, rabi kaɗai ya rage wa tasa.

Ta biyu, ita ce ta fi muni, yana sāke wa mutum nufi bai sani ba. Ka shigo kwaleji don kana son ka koma garinku ka koya wa yara karatu. Ka ga wane ya bi wata hanya an yabe shi, sai ka bi. Kafin ka kai tsakiya ka ga wani ya bi wata dabam ya sami kuɗi, sai ka juya. Shekara goma sai ka tarad da kanka a wurin da ba ka taɓa nufa ba, kana biyan bukatar da ba taka ba. Mai bin sawun kowa, ba ya isa gidan kowa, balle nasa.

Ta uku, awon kansa ba na gaskiya ba ne. Kai ka san cikinka da wajenka, bashinka da rashin barcinka. Shi kuwa wane, rigarsa kaɗai ka gani. Ba ka san abin da ya tarar a gidansu ba, ba ka san abin da ya biya ba, ba ka san abin da ke hana shi barci ba. Sau da yawa kallon kitse a ke yi wa rogo. A zamanin su Imam sai mutum ya je kasuwa, ko jarida ta zo, kana ya ji labarin arzikin wani. Yanzu kuwa ga waya cikin aljihu, dare da rana tana nuna maka bikin wane da sabon gidan wane. Ba mai ɗaukar hoton ranar da ya kwana da yunwa ya nuna wa duniya. Saboda haka ku samarin yanzu kun fi na dā bukatar ku tsare idanunku.

Ni kaina ban tsira daga wannan cuta ba, don kada ku ce mai lafiya ne ke yi wa majinyaci wa'azi. Ina da shekara shida da fara koyarwa a wani ƙauye, wani abokin karatuna, wanda sau da yawa ni ke taimakonsa da darasi, ya biyo ta garin cikin motar ofis, ya tsaya muka gaisa. Ya yi mini kirki ƙwarai, ba abin da ya faɗa na raini. Amma da ƙurar motarsa ta kwanta, sai na ji ajin nan ya yi mini ƙunci. Na yi wajen wata uku ina shiga aji da jiki, zuciya tana birni, har na rubuta takardar barin aiki na ajiye cikin akwati. Abin da ya farkad da ni, ran nan na karɓi littattafan yara ina dubawa, sai na ga rubutunsu ya lalace, lissafin da suka iya a farkon shekara sun mance. Yara arba'in sun koma baya, ba don abokina ya yi musu kome ba, sai don malaminsu yana kallon hanya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na yage takardar.

To, mene ne magani? Ga abin da na jarraba na ga amfaninsa. Da fari, ka sami ɗan littafi ka rubuta abin da ka ke nufi, da kalmomin da za a iya aunawa. Kada ka rubuta, "Ina so in zama babban mutum," gama wannan ba shi da baki balle iyaka. Rubuta, "Kafin hutun nan zan iya raba lissafin ɓangare ba kuskure, zan karance littafi kaza, zan iya tsayawa gaban aji rabin sa'a ban duba takarda ba." Na biyu, in an kafa sakamako, fara duba makinka, ka gwada shi da naka na wancan karo. In ka tashi daga 45 zuwa 55, ka ci gaba, ko da lambarka ta sauka. In ka sauko daga 80 zuwa 70, ka koma baya, ko da kai ne na ɗaya. Na uku, duk wanda ya fi ka wani abu, mai da shi malaminka a wannan abu, ka yi masa barka da zuciya ɗaya. Bakin da ya saba da faɗin barka, zuciyarsa ba ta cika riƙe hassada ba. Na huɗu, in za ka sāke hanya, gama wani lokaci sākewa ita ce daidai, tambayi kanka tsakaninka da Allah: da ban ga wane ba, da zan so wannan abu? In amsar i ce, bismilla. In a'a ce, koma kan kunyarka.

Saura magana guda, wadda ta shafe ku musamman, ku da za a danƙa wa 'ya'yan mutane. Yawancin masu wannan cuta a aji suka kamu da ita, daga bakin malami. "Dubi wane, ƙanenka ne, ya fi ka!" Malam yana tsammani zuga ya ke yi, bai sani ba ya shuka ƙiyayya tsakanin yara biyu, ya kuma koya wa ɗayan cewa darajarsa tana hannun wani. Cikin kowane aji da za a ba ku akwai gero akwai dawa. Akwai yaron da zai kama karatu cikin wata uku, akwai wanda sai shekara ta juyo kana kansa ya buɗe, sa'an nan ya riƙe abin har tsufansa. In kuka yi wa na biyun hukunci cikin marka, kun tuge shi tun bai yi ciki ba. Ku ajiye littafin yaro na farkon shekara, in ya karaya ku buɗe masa ku ce, "Dubi rubutunka na dā, dubi na yau." Na rantse ban taɓa ganin abin da ke tā da yaro kamar wannan ba.

Jama'a, sannu ba ta hana zuwa. Amma sai mai tafiyan ya san garin da za shi, ya kuma bar tsayawa a kowace mararraba yana tambayar inda wane ya bi. Allah ya ba kowa ikon nome kunyarsa, ya sa mu ga girbinmu da idonmu, ya tsare zukatanmu daga ƙyashin abin hannun 'yan'uwanmu. Amin. Haza wasalamu.